Mu shuka abincin yunwa tun muna da ƙoshi

 

Duk wanda ya fita bayan garin Barmu da sassafe cikin watan Mayu ko Yuni ya san abin da zan faɗi. Zai gamu da mata da ƴammata, kowace da ƙwarya ko tsohon buhu, sun nufi daji. Wasu jiga za su ɗebo, wasu yaɗiya, wasu ɗiyan anza. Ku tambayi tsofaffinku inda suke samun waɗannan abubuwa lokacin ƙuruciyarsu. Za su nuna muku wurin da yau ya zama gidaje, ko gona, ko fako. A da, yarinya tana ɗebo ganyen miya kafin tukunya ta tafasa. Yau uwa tana fita da asuba, ba ta komowa sai rana ta take, kuma sau da yawa ƙwaryar ba ta cika ba.

Ga ra'ayina, zan faɗe shi tun farko. Tsirran nan da muke bi cikin daji in rumbu ya yi ƙasa, lokaci ya yi da za mu kawo su cikin gida mu shuka su da hannunmu. Kowane gida ya ware ɗan wuri, ko da taki biyar ne, kusa da darni ko bayan randa. A garkar gida ta mutumin Adar, tsirran ƙasarmu su zama gindi. Salati da shu da karoti su zo daga baya, ga wanda ke da ruwansu.

Kuskuren da na yi

Ni ɗan lakwal ne. Na yi lisse, na yi makarantar aikin gona. Na iya sunan tsirrai da Faransanci da Latinanci. Na taɓa rubuta Boscia senegalensis a takardar jarrabawa, na ci, ban gane ba cewa anzar da uwata ke jiƙawa ce. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Shekarar da na soma aiki, wani furoje ya kawo wa matan wani ƙauye irin salati da shu da karoti, da arozuwar, da waya ta shinge. Aka ce in kula da garkar. Na ja igiya, na auna fangula, komai a layi kamar yadda yake cikin littafi. Wata safiya na tarar gasaya da rukuɓu da yoɗo sun tsiro tsakanin salati. Na ce a tuge su duka a zubar.

Wata tsohuwa ta dube ni ta ce: “Malam, mi gasaya ta yi maka?”

Na ce: “Inna, haki ne. Yana shanye wa salati ruwa.”

Ta ce: “To, ɗana. Bari rijiya ta ja baya, mu ga wanda za ya tsaya.”

Ta tsince abin da na sa aka zubar, ta ƙulle a bakin zane, ta tafi gida. Cikin watan Afrilu rijiya ta ja baya. Salati ya yi tsawo ya yi ɗaci. Tsutsa ta cinye shu. Da furoje ya ƙare, iri ya ƙare tare da shi. Ran nan na je gaida tsohuwar. Bayan randarta, inda ruwa ke ɗiga, ga gasaya kore shar. Ga yaɗiya ta hau darni. Ga ƴar magariya a kusurwa an kewaye ta da ƙaya. Ba ta sayi iri ba, ba ta da arozuwar, kuma jikokinta sun ci kwaɗo a ranar. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.

Daga nan na koma cikin littattafaina, ina neman dalilin da ya sa nata ya rayu nawa ya mutu. Dalilin ba shi da wuya. Duk wanda ya iya karanta wannan takarda zai gane shi.

Yadda tsiro yake rayuwa

Tsiro yana da sassa huɗu da ya kamata manomi ya sani: saiwa, ganye, fure, da iri.

Saiwa ita ce bakin tsiro. Da ita yake shan ruwa da gishirin ƙasa. Ku tuge salati ku duba: saiwarsa ba ta wuce tsawon hannun yaro ba. In saman ƙasa ya bushe, shi ke nan. Aduwa da gawo da anza kuwa, tun suna ƙanana saiwa suke fara turawa ƙasa kafin su yi tsawo. Saiwar babban gawo tana iya nutsewa metir goma ko fiye. Shi ya sa mai gaggawa yake cewa iccen ƙasarmu ba ya girma. Yana girma, amma ta ƙasa yake farawa.

Ganye shi ne madafar tsiro. A cikinsa ne tsiro ke haɗa hasken rana da ruwa da iska ya yi abincinsa. Akwai ƴan ƙananan ƙofofi a jikin ganye waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita kamar zufa. In kuna son ku gani da idonku, ku rufe reshe mai ganye da farar leda da safe, ku ɗaure bakinta. Da azahar za ku tarar da ruwa a ciki. Ganye mai faɗi da laushi yana zubar da ruwa da yawa. Ku tsinki ganyen salati da na jiga, ku ajiye su a rana, ku ga wanda zai fara yaushi. Ganyen jiga ƙarami ne. Na anza mai kauri ne kamar fata. Shi ya sa suke tsaye kore cikin bazara, lokacin da komai ya bushe.

A lissafin da muke aiki da shi, fangalin kayan lambu yana shan litar 6 zuwa 8 kowace rana a kan metir ɗaya tsawo da faɗi, in zafi ya shigo. Garka mai irin wannan metir 10 tana son bido uku na litar 25 kullum. Wa ke ɗauko wannan ruwa? Mace ce, ko yarinya, ko jaki da yarinya. Ruwan sama da ke sauka a ƙasar Tawa kuwa yawancin shekaru bai kai milimetir 400 ba, kuma cikin wata uku yake zuba ya wuce. Tsirran ƙasarmu da wannan ruwa suka saba.

Fure shi ne wurin aure. Ba a samun ɗiya sai garin furen namiji ya kai ga na mace. Ku duba kabewa: wani fure yana da ƴar ƙaramar kabewa a gindinsa, shi ne mace, wanda ba shi da ita, namiji ne. Ƙudan zuma da sauran ƙwari su ne ƴan aike tsakaninsu. Wanda ya fesa maganin ƙwari lokacin fure ya kashe ƴan aikensa. Dabino da danya kuwa, icce guda namiji ne, wani mace. Wanda ya bar namiji kaɗai a gidansa zai sha inuwa, ba zai ci ɗiya ba. Haka kuma in an kwashe dubagara duka daga kan aduwa, an rage ɗiyan bana. A ɗiba, a bar saura.

Iri kuwa ɗan tsiro ne yana barci da guzurinsa. Gasaya da tafasa da lalo da yoɗo ba su da doguwar saiwa irin ta aduwa. Dabararsu daban ce. Da ruwan fari sun tsiro, cikin ƴan makonni sun yi ganye, sun yi fure, sun zubar da iri. Rani ya same su a matsayin iri cikin ƙasa, kuma iri ba ya jin ƙishirwa. Irin kuka da na bagaruwa da na gawo suna da ɓawo mai tauri don kada ɗan yayyafi ya yaudare su. Cikin akuya yana tausasa wannan ɓawo, shi ya sa kuke ganin ƴan itatuwa suna tsirowa inda aka zuba taki. Shu da karoti na gwangwani ba su cika yin iri a zafin ƙasarmu ba. Kowace shekara sai ka saya. Gasaya kuwa ita ke ba ka irin baɗi kyauta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tsirrai kuma suna da dangi kamar mutane. Ku dubi furen yakuwa da na kuɓewa da na rama da na kaɗa: kamarsu ɗaya, gidansu ɗaya. Wake da gujiya da gawo da bagaruwa da kalgo da tsamiya duk masu kwanso ne. In ka tuge wake a hankali za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Ba ciwo ba ne. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke kamo taki daga iska su ba tsiro, ƙasa ma ta samu rabonta. Amfanin sanin dangi shi ne, ciwon da ya kama ɗaya yakan kama ɗan'uwansa. Inda ka sa kuɓewa bana, baɗi ka sa wake.

Abin da shekaru suka koya mana

Iyayenmu sun ga farin 1973. Sun ga na 1984. Ni kaina na ga wahalar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar da suka ci damanar 2004. Jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ina yaro a lokacin. Na tuna uwata tana jiƙa ɗiyan anza, tana canza ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan ta dafa mana. Na tuna kuma takan sa tukunyar can cikin ɗaki don kada baƙo ya gani. Ƴan jarida sun zo daga ƙasashe, suna ba da labari cewa mutanen Nijar sun koma cin ganye. Tun daga nan kunya ta ƙaru. Abin da ya tsare ranmu, shi muka koma ɓoyewa.

Ba za mu ce ba a yi aikin icce a ƙasar nan ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa. A wannan shekara ce aka soma dasa layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. A 1984 aka buɗe babban furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Wajen Illela da Badagishiri manoma sun raya fako da tassa da rabin wata. Duk wannan aikin kirki ne.

Amma ku lura da abu ɗaya. Aikin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ba a sayi iri ba, ba a ɗauki ruwa ba. A 1983, a jihar Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. In an bar rassa biyu ko uku an gyara su, sai su koma icce. Wannan shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya kai eka miliyan 5 irin ta hekta a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ne, da kalgo, da sabara, da aduwa, da magariya. Ƴan ƙasa ne duka. Abin da ya yi aiki a gona, me zai hana shi aiki a tsakar gida?

Ba na zagin baƙo. Bedi daga Indiya ya zo, kuma shi ke ba garin Tawa inuwa. Amma ba a miya da ganyensa. Furozofis daga nahiyar Amurka ya zo, an dasa shi don tsare ƙasa, ga shi a wurare da dama ya cinye fadama da bakin tabki. Zogala ma daga Indiya ya zo, kuma baƙo ne mai albarka. Duk wanda ke da ɗan ruwa ya dasa shi. Sai dai in rijiya ta ƙafe, zogala yana kakkaɓe ganye, jiga tana nan da nata.

Amsa ga masu musu

Na sha yin wannan magana a dandali da bakin kasuwa, kuma na san abin da ake ce mini.

Wasu suna cewa: “Abin da Allah ya shuka, mutum ba ya shuka shi.” To, hatsi fa? Shi ma hakin daji ne a da. Masana sun tono tsohon hatsin noma a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali, mai shekara wajen 4,500. Kakanni ne suka zaɓi zangarniya mai kyau shekara bayan shekara har ya zama abin da muke ci. Shibrar da kuke gani cikin gona shaida ce: jinin hatsin daji ne ke komowa. Da kakanninmu sun ce ba a shuka abin daji, da yau ƙarangiya muke sussuka.

Wasu suna cewa abincin matsiyata ne. A ƙasar Masar noman lalo ake yi, suna kiransa malohiya kamar mu, kuma miyarsa ce ake yi wa babban baƙo. A Kenya ana noman gasaya ana kai ta kasuwannin birni. A 2008 ƙasashen Turai suka yarda a sayar da garin ɗiyan kuka a kantunansu. A Damagaram, wani kamfani mai suna Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014 ya shiga sayen anza da aduwa da magariya daga hannun matan ƙauye yana sarrafa su. Wasu suna biyan kuɗi su samu, mu muna rufe tukunya.

Ku ji kuma abin da likita ke faɗi. Tuwo da fura suna cika ciki, amma jikin yaro da na mai ciki yana son ƙari. Ganye mai duhun kore yana ɗauke da abin da ke ƙara jini, da bitamin A mai tsare ido daga dundumi. Jiki ya fi karɓarsa in an haɗa da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, kamar yadda ake yin kwaɗo. Tamowa ta fi kama yara tsakanin bazara da kaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A wannan lokaci ne jiga da yaɗiya da gasaya suke da ganye. Ban ce ganye zai warkar da yaron da ya riga ya rame ba. Wannan a kai shi likita ba da jinkiri ba. Amma rigakafi ya fi magani.

Wasu suna cewa babu ruwa. Gaskiya ne, ruwa ya yi wuya. Amma kowane gida yana zubar da ruwa kullum: na alwala, na wanke hatsi, na ɗaurayar ƙwarya, da wanda ke tsatsa daga randa. Wannan ya isa ya raya ƴan itatuwa uku ko huɗu da ɗan fangali guda. Ruwan wanki mai omo da yawa kaɗai za a nisanta da tsiro.

Wasu suna cewa awaki. Wannan ita ce babbar matsala, ban raina ta ba. Akuya ɗaya tana gama aikin shekara cikin ɗan lokaci. Amma wanda ya iya tsare rumbu daga akuya ya iya tsare ɗan icce. Ƙaya, ko tsohon kwando, ko tubali shida a kewaye sun isa har ya fi ƙarfin bakinta.

Wasu suna tsoron malaman daji, suna cewa in icce ya girma ya zama na gwamnati. Tsofaffi suna da dalilin wannan tsoro. Amma a 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa wanda ya raya icce a gonarsa shi ke da amfaninsa. Ganye da ɗiyan iccen da ka dasa a gidanka naka ne. In sara ne za ka yi, musamman gawo ko aduwa ko kuka, ka fara zuwa wurin malamin daji ku yi magana.

Na ƙarshe su ne masu cewa ba ya kawo kuɗi. A nan zan ba su rabin gaskiya. Wanda ke da fadama da ruwa kusa, ya yi albasa da tumati. Albasar Galmi ta gina gidaje, ta aurar da samari, ba mai musu. Kuma garkar gida ba ta cika rumbu, ba ta maye gurbin hatsi. Amma gida nawa ne a arewacin Adar ke da fadama? Mazajen gidaje da yawa suna wajen biɗa, a Abijan ko Libiya ko Nijeriya, kuma saƙo ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Uwar gida ta lissafa abin da take kashewa a kuka da busasshiyar kuɓewa da yoɗo daga kasuwa zuwa kasuwa. Kuɗin da ba ka fitar ba, shi ma samu ne. In ya yi saura, busasshen ganye ba ya kwantai a kasuwar Tawa.

Yadda za a fara

Ga shawara bakwai. Ba sai an yi su duka a shekara ɗaya ba.

1. Tara iri. Da kaka, a bar gasaya da tafasa da lalo da yoɗo da yakuwa mafi kyau su yi iri. A shanya a inuwa, a zuba a kwalba ko gora da ɗan toka, a rufe. Irin gasaya ya fi tsirowa in ya kwana ƴan watanni. Kwanson yaɗiya a tsinke shi kafin ya fashe, don iska tana tafiya da irin. Irin anza kuwa ba ya ajiyuwa: da an cire shi daga nunannen ɗa a shuka shi.

2. Zaɓi wuri. Inda ruwan alwala ke zuba, ko bayan randa, ko inda ruwan ɗaki ke sauka da damana. A nisanci masai. Babban icce kamar aduwa ko kuka a ba shi taki biyar ko fiye daga bango da rijiya.

3. Yi shinge kafin shuka. Dashi da aguwa ba su son iri. A sari reshe a ƙarshen rani, a bar bakin ya sha iska, a kafa shi kafin ruwa ya sauka. A kula da ruwan aguwa kada ya shiga ido.

4. Tada irin mai tauri. Na kuka da na gawo a goga gefe guda a dutse har farin ciki ya ɗan bayyana, a jiƙa kwana ɗaya. Ƙwallon magariya a fasa shi a hankali a ciro ƙwayar. Na aduwa a wanke zaƙin, a jiƙa, sannan a shuka.

5. Gina rami. Na icce, kamu ɗaya faɗi da zurfi, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Na ganye, ƴan ramukan tassa sun isa, kowane da taki cikin hannu biyu. A shuka bayan ruwa mai kyau ya jiƙa ƙasa.

6. Tsimin ruwa. A binne ƙaramin tulu har wuya kusa da ɗan icce, a cika, a rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa tsatsa wajen saiwa a hankali. A rufe gindin tsiro da kara ko ƙaiƙayi. Shekarar fari da ta biyu ne ɗan icce ke son taimako. Daga nan ya kama kansa.

7. Iya ɗiba. A tsinki kan gasaya da yakuwa, kada a tuge, za su yi sabbin rassa. Kuka in an shuka ta kusa-kusa ana yanke kanta, tana ba da ganye tun tana ƙarama, ba sai ta yi shekara ashirin ba. Ganyen ajiya a shanya shi a inuwa. Wanda ya bushe a rana yana yin fari, amfaninsa ya ragu.

Mai son ƙari ya nemi magariyar aure. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa dabarar ɗaura reshen magariyar Indiya mai manyan ɗiya a kan gindin tamu. Saiwa ta ƙasa, ɗiya na baƙo. Irin wannan haɗi nake so: ɗan gida ya riƙe gindi, baƙo ya hau bisa.

Gargaɗi biyu. Anza ba a cin ƙwayarta sai an jiƙa an canza ruwa har ɗaci ya fita sarai. Wadda ba ta iya ba ta tambayi wadda ta iya. Kuma ba kowane tsiro na ƙasa ne abokin gida ba. Zaƙami in ya tsiro a tuge shi, don yana haukata yaro, yana iya kashewa.

Aikinku, ku masu karatu

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, kuna da abin da tsohuwar nan ba ta da shi: alƙalami. Ita kuma tana da abin da ba mu da shi. In ta tafi, ta tafi da shi. Kowa ya sami ɗan littafi. Ku zauna da tsofaffi, mata musamman, da makiyaya Fulani da Buzaye da ke zuwa rijiyoyinmu. Ku rubuta sunan kowane tsiro, da inda yake fitowa, jigawa ko dabagi ko fadama, da watan da yake fure, da abin da ake ci a jikinsa, da yadda ake gyara shi. Ku rubuta har waɗanda suka ɓace, don mu san abin da za mu nema. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. In malamin gona ya zo garinku, ku nuna masa littafin. In ya ce haki ne, ku yi masa tambayar da aka yi mini.

Ni a gidana yanzu akwai jiga biyu, da magariya ɗaya, da yaɗiya a kan darni, da ɗan fangalin gasaya bayan randa. Anzar da na shuka shekara uku da suka wuce har yau ba ta kai gwiwata ba. Ban damu ba, na san inda take aiki.

Damana ta kusa. Wanda bai tara iri bara ba ya roƙi maƙwabciya, ya yi shingensa tun yanzu. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mana gonaki da bisashe, ya raya mana yara. Amin.

Naku, malamin gona, Barmu.